Ba ƙaton batir ke kai saƙon Meshtastic nesa ba

Wasu masu haɗa na'urar Meshtastic (ƙaramar na'urar rediyo mai tura saƙon rubutu ba tare da layin waya ko intanet ba) a ƙauyukan Jigawa kan ɗauka ƙaton batir ne ke tura saƙo nesa. Sam. Batir mai caji samfurin 18650 awannin aiki kawai yake ƙara mata. Nisa na ga yadda aka ɗaga eriya sama ne, domin siginar LoRa, wato rediyon da na'urar ke amfani da shi, sarari take so. A ɗaki mai rufin kwano ko bayan katangar ƙasa sai ta shaƙe.

A ɗaura allon Heltec V3 (allon rediyo da ake haɗa na'urar da shi) ɗaya a saman tankin ruwa, cikin robar da ruwan sama ba ya shiga, da ƙaramar sola, ya riƙa miƙa saƙon sauran na'urorin. Eriyar kuma ta dace da mitar allon: ta 433 MHz a kan allon 868 MHz asara ce. Kada a kunna shi babu eriya, rediyon na iya ƙonewa.