Wanda aka hana rijiya ba sai an ruɗe shi da kuɗi ba

A watan Yulin 2024 majalisar dokokin jihar Uttar Pradesh a Indiya ta ƙara wa dokarta ta hana sauya addini kaifi. Hukuncin wasu laifukan ya kai ɗaurin rai da rai, kuma yanzu kowa na iya kai ƙara ko da bai haɗa komai da wanda ya sauya addinin ba. Hujjarsu dai ita ce ta kullum, wai masu wa'azin Kirista suna ruɗar talakawa, musamman 'yan Dalit, wato mutanen da tsarin asali na Indiya ya sa a can ƙasa har ake ƙyamar taɓa su, da kuɗi da makaranta da magani.

Wannan hujja raini ce. Tana nufin ɗan Dalit ba shi da hankalin da zai zaɓa wa kansa hanya sai an saye shi, alhali dalilinsa yana nan a bakin rijiyar ƙauyensu.

Mu da muka san Indiya ta fina-finai, ba kasafai ake nuna mana wannan rijiya ba. A ranar 20 ga Maris 1927 Dakta Ambedkar, lauya kuma jagoran 'yan Dalit, ya jagoranci dubban 'yan Dalit zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad domin su sha ruwa kawai, tafkin da dabbobi ke sha amma su an hana su. Da suka tafi, masu ganin kansu manyan asali suka zuba fitsarin saniya da kashinta da madara, wai suna tsarkake ruwan. Sai a 1937 kotu ta tabbatar wa 'yan Dalit haƙƙinsu a kan tafkin. Kundin tsarin mulkin 1950 ya soke ƙyamar taɓa su a sashe na 17, sashe na 15 kuma ya ambaci rijiyoyi da tafkuna ƙarara. Duk da haka a 2022, a gundumar Jalore ta Rajasthan, yaro ɗan shekara tara ya rasu bayan dukan malaminsa, iyayensa suka ce laifinsa taɓa randar ruwan malamin. Wanda ya tashi a wannan hali, in wani ya zauna da shi ya sha a moɗa ɗaya, wane kuɗi ake buƙata kuma?

In ana neman mai amfani da abin duniya wajen juya imanin mutane, a fara da gwamnati. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya keɓe gurabun karatu da aiki na 'yan Dalit ga mabiya Hindu, aka ƙara Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990. Ɗan Dalit da ya zama Kirista ko Musulmi ya rasa gurbinsa, amma ƙyamar tana biye da shi har gida. Wannan ba ruɗi ba ne? Masu kukan cewa Kiristoci za su cinye ƙasar su duba ƙidayar 2011, kashi 2.3 cikin 100 ne.

Coci ma kada ta yi saurin wanke hannu. A Tiruchirappalli ta jihar Tamil Nadu akwai maƙabartar Katolika da katanga ta raba kaburburan 'yan Dalit da na sauran, kuma sai a 2022 aka samu ɗan Dalit na farko da ya zama kadinal, wato babban limamin da ke ƙasa da Paparoma, Anthony Poola. Mai wa'azin daidaito da ya kasa rushe katangar maƙabartarsa, da wane baki zai yi magana a bakin rijiya?

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A cire sharaɗin addini daga umarnin 1950, kamar yadda hukumar Ranganath Misra, wadda gwamnati ta kafa kan al'amuran tsiraru, ta ba da shawara tun 2007, a kuma hukunta masu tsare rijiya da zafin da ake farautar fastoci. Maimakon haka, a 2022 gwamnati ta sake kafa wata hukumar domin ta binciki tambayar da aka riga aka amsa.