Kafin a binciki huhun Kanawa, a tambayi masu tarin

Duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san yadda masallaci yake da asuba a watan Janairu. Liman na karatu, sahu na amsa masa da tari. Mun saba har ba ma ji, sai mu ce sanyi ne, a sha citta da kanumfari. To da a ce yau an kawo kuɗi an ce a binciki ciwon huhu a garin nan, da me za a fara, kuma wa zai zaɓa?

A ganina tarin fuka, wato TB, ya cinye hankalin kowa. Ba na ganin laifin hakan, tunda Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu shi, gwajin kaki da na'urar GeneXpert kyauta ne, maganin wata shida ma kyauta. Damuwata ita ce mutumin da ya kai kakinsa aka ce masa "ba TB ba ne, Baba, je ka gida". Ya tafi da tarinsa kamar yadda ya zo. Daga nan sai kemis, wannan ruwan magani yau, gobe wancan ƙwayar. Asma ce? Hayaƙi ne ya cinye huhun? Akwai na'urar da ake hura wa iska ta auna ƙarfin huhu, amma ba kasafai ake samunta a ƙananan asibitoci ba. Haka wanda ya gama wata shidansa aka sallame shi. A takarda ya warke, amma bene ɗaya zai hau ya dafa bango yana haki. Wa ke bibiyarsa?

Ku dubi mai tuyar ƙosan layinku. Tun kafin gari ya waye tana durƙushe tana fifita ɗanyen icce da murfin kwano, ido jajur, ga goyo a baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Lissafin duniya ke nan. Namu muke so: me ƙurar hatsi ke yi wa ɗan dakon Dawanau, me ma'aikacin masana'antun Sharaɗa da Challawa ke shaƙa, yaya ƙirjin direban Adaidaita Sahu bayan shekaru a cunkoson Kwari. Ban ma taɓo janareta da turaren wuta ba, kada mata su yi min ca.

Sai yara. Alƙaluman UNICEF sun nuna nimoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa. Nan an san ciwon, an san maganin. Abin bincika shi ne me ke sa uwa ta jira har haƙarƙarin yaro ya fara shigewa ciki kafin ta fito, da yadda za a yi oksijin da 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin a jini su samu a asibitin unguwa ko an ɗauke wuta.

A Ingila akwai wata ƙungiya, James Lind Alliance, tun 2004. Aikinsu su zaunar da marasa lafiya da masu jinyarsu da likitoci, a tattara tambayoyi, a tace, a fitar da goma mafi muhimmanci a miƙa wa masu bincike. Me zai hana a yi irinsa a nan? Muna da masana a Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, ga ma'aikatan Asibitin Zana na cututtuka masu yaɗuwa da suka fi kowa sanin tarin garin nan. A kira masu asma da iyaye mata da masu kemis, a yi zaman da Hausa, kuma don Allah ba a otal ba. In aka ba ni ƙuri'a, wancan da aka ce masa ba TB ba ne zan jefa wa.