Ku saurare ta tun tana da rai

'Yan'uwana samari, mu duba Indiya mu ɗauki darasi. Can iyayen amarya ne ke kai wa ango da danginsa kuɗi da kaya, wani lokaci har mota. Tun 1961 doka ta haramta hakan, amma ba a daina ba. Idan kayan ba su kai yadda aka sa rai ba, sai a matsa wa amarya ta koma gida ta karɓo ƙari. Wasu ƙarshensu a ce risho ne ya fashe a kicin. A 2022 kaɗai hukumar ƙididdigar laifuka ta ƙasar ta rubuta irin wannan mutuwa sama da 6,000.

A 1983 suka ƙara sashe na 498A a kundin dokokin laifukansu na wancan lokacin, mai ɗaure miji ko danginsa har shekara 3 kan cutar da matar aure. A 1986 sashe na 304B ya biyo baya: mace ta mutu da ƙuna ko rauni cikin shekara 7 da aure, aka kuma nuna ana muzguna mata kan kaya dab da rasuwarta, to kotu za ta ɗauka su ne, sai dai su wanke kansu. Ɗaurin ba ya gaza shekara 7, yana iya kai wa rai-da-rai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shaidar. Sau da yawa babu wanda ya ga abin da ya faru sai ita, tana kwance a asibiti. Dokar shaida ta karɓi maganar mai gargarar mutuwa, kuma tun 1957 Kotun Ƙolinsu ta ce ana iya yanke hukunci da ita kaɗai idan ta gamsar. Sai dai wata za ta fara cewa tsautsayi ne, domin uwar miji na tsaye a kanta, sai majistare ya zo ta faɗi gaskiya. Alƙali kuma ya zauna yana auna wacce magana ce tata.

Mu a nan sadaki a kan miji yake. Amma gorin kayan ɗaki da gara fa? Dangin ango su shiga ɗaki suna ƙirga kujeru da kwanuka, uban yarinya kuwa bashi ya ci. Kai ango, idan ƙannenka suka fara wannan, kai za ka tsawatar. Idan kuma ƙanwarka ce ta yi yaji tana kuka, kar a ce mata "ki yi haƙuri" a mayar da ita a daren. A zaunar da ita a ji komai, a kira mijin da waliyyansa tukuna.