Kastoma ya dawo bayan wata biyu yana neman kuɗinsa? Dan Allah ka nutsu

'Yan uwa masu sai da kaya a intanet, musamman ku matasa da kuka shigo harkar kwanan nan, akwai abin da nake gani yana jawo mana asara ba gaira ba dalili. Ka sai da kaya, an kai, kuɗi sun shigo har ka juya su ka saro wasu, kwatsam bayan sati shida ko wata biyu sai ga saƙo wai kaya ba su yi ba a maido masa da kuɗinsa. Nan take ranka ya ɓaci, ka rubuta masa "malam lokaci ya wuce" ka yi bulokin ɗinsa ka ci gaba da harkarka. To wallahi nan ka fara yi wa kanka.

Wa'adin da ka rubuta a shafinka ba shi kaɗai ke aiki ba. A kasuwar intanet ta eBay mai saye yana da kwana 30 bayan kaya sun iso ya kai ƙorafi, shi ya sa wasu da zarar sun ƙirga 30 sai su saki jiki, alhali in ta manhajar biyan kuɗi ta PayPal ya biya yana iya buɗe ƙara har kwana 180 daga ranar biya in ya ce kaya ba su iso ba, in kuma da kati ya biya ai tsallake ka zai yi ya tsallake kasuwar ya tafi bankinsa ya ce a janyo masa kuɗinsa, bankuna kuma galibi wajen kwana 120 suke bayarwa. In ta kai can, a kan riƙe kuɗin tukuna sannan a ce ka kawo hujja, sau da yawa har da cajin da za a ɗora maka. Kai da ka yi bulokin mutum, me za ka nuna? Zagin da ka yi masa?

Saboda haka ka amsa, ko da ranka bai so. Ka amsa a cikin akwatin saƙon kasuwar, ba ta WhatsApp ba, don abin da ke cikin manhajar shi ma'aikatansu ke dubawa ranar da aka zo shari'a. Ka ce ya turo hoto ko bidiyo da lambar oda, ya faɗi yaushe ya ga matsalar. Kai kuma ka lalubo naka, lambar bin sawun kaya, shaidar an karɓa, hoton da ka ɗauka kafin ka naɗe. (Wanda ba ya ɗaukar hoto kafin ya tura kaya, ni dai ban san me yake taƙama da shi ba.)

Daga nan sai ka ji tsoron Allah ka duba gaskiya. In kayan da aibinsu suka bar hannunka, ko ba abin da ka kwatanta ka tura ba, to wucewar kwanaki ba ta halatta maka kuɗin, haƙƙin mutum ne, ka biya shi ko ka canza masa. In kuwa ya sha amfani da abu ne har ya gaji yanzu yake so ya maido, ka ce a'a cikin ladabi, ka nuna masa ƙa'idar da ya amince da ita ranar saye, ba sai ka yi dogon turanci ba. Akwai kuma na tsakiya, mutumin kirki da ya yi tafiya ko rashin lafiya bai buɗe kwali da wuri ba, irin wannan ni nakan maida wani ɓangare ko in ba shi ragi a sayayya ta gaba, kuma yawanci suna dawowa.

Wanda ya ce ka biya ko ya zuba maka tauraro ɗaya, wato mafi ƙarancin makin da kastoma ke ba mai sai da kaya, kar ka biye masa, ka ɗau sikirinshot ka kai rahoto, manyan kasuwannin sun haramta irin wannan barazanar. Kuma in za ka maida kuɗi, ka jira kayanka su dawo ka duba, sannan ka maida ta hanyar da aka biya ka. Kar ka yarda da "turo ta wannan akawun ɗin na ƙanena", don in ka tura ta gefe tsarin bai san ka biya ba, gobe ya je banki a sake cire maka wasu.