Maganin ƙarfafa ƙashi ga yara masu cutar Duchenne: inda ya kamata hankali ya karkata

Cutar Duchenne ita ce ta fi yawa cikin cututtukan lalacewar tsoka da ke kama yara, kuma kusan duk masu ita maza ne, wajen ɗaya cikin jarirai maza 3,500 zuwa 5,000. Magungunan sitiroyid irin su prednisone da deflazacort suna jinkirta ranar da tafiya za ta gagari yaro, amma shekarun da ake kwashewa ana shan su suna cinye ƙashi, ga shi kuma ƙashin da ya daina ɗaukar nauyin jiki dama rauni yake yi. Sai ƙashin baya ya lotsa ba tare da yaron ya faɗi ba, wani lokaci ma babu ciwo, sai hoto ne zai nuna.

A nan ne magungunan bisfosfonet suke shigowa, musamman pamidronate da zoledronate da ake bayarwa ta jijiya, na biyun galibi bayan kowane wata shida. Aikinsu shi ne rage wa ƙwayoyin da ke zaizaye ƙashi karsashi. Ƙa'idojin kula da masu cutar da aka wallafa a mujallar Lancet Neurology a 2018 sun ba da shawarar fara su da zarar an ga karayar farko. Ba ni da ja a kan haka, domin yaron da ciwon baya ya hana shi zama a kekensa ya rasa abu mai yawa. Abin da nake ja a kai shi ne yadda fargabar iyaye takan tafi inda haɗarin bai kai ya kawo ba.

Da yawa sun ji labarin ruɓewar ƙashin muƙamuƙi, matsalar da aka fi gani a manya masu ciwon daji da ke karɓar maganin da yawa, alhali a yara da ƙyar ake samunta. Duba haƙora kafin a fara ya wadatar a matsayin rigakafi.

Ainihin abin lura yana cikin kwana ukun da ke biye da ƙarin ruwan farko. Yara da dama sukan yi zazzaɓi, ciwon jiki, tashin zuciya da amai, kuma ga wani yaron wannan wahala ce da za ta wuce da kanta. Ga mai Duchenne lissafin ya sha bamban. Jikin da ya daɗe yana karɓar sitiroyid daga waje ya rage samar da nasa sinadarin kotisol, wanda shi ne ke riƙe bugun jini da sukari idan rashin lafiya ta zo. Idan zazzaɓi ya tashi, amai kuma ya hana ƙwayar sitiroyid zama a ciki, yaron zai iya galabaita har ransa ya shiga haɗari, shi ya sa likitoci ke ƙara masa sitiroyid a waɗannan kwanaki, su kuma tanadi allurar sitiroyid saboda ko-ta-kwana. Iyayen da aka sallama gida ba tare da an rubuta musu wannan tsari ba, a ganina, ba a gama yi musu aiki ba.

Sinadarin kalsiyam ma yakan faɗi a jini, ya jawo jin kamar tafiyar kiyashi a leɓe da yatsu ko ɗaurewar tsoka, musamman idan bitamin D ya yi ƙaranci tun farko, abin da ba ƙarami ba ne ga yaron da cutar ta riga ta taɓa zuciyarsa. An kuma samu yara ƙalilan da tsokarsu ta farfashe bayan ƙarin ruwan, fitsarinsu ya koma kalar baƙin shayi, alamar da ke bukatar komawa asibiti nan take. Akwai wani tarko a nan da ba kowa ya san shi ba: gwajin ƙoda na yau da kullum ya dogara ne da sinadarin da tsoka ke fitarwa, saboda haka yana iya nuna lafiya lau ga yaron da tsokarsa ta ragu, ko da ƙodar tana da matsala. Gwajin cystatin C, wani gwajin ƙoda da bai dogara da tsoka ba, ya fi dacewa da irin waɗannan yara.

Yawancin waɗannan illoli suna sassautawa a ƙarin ruwa na biyu da na uku. Tambayar da ya dace uba ko uwa su yi wa likita kafin a sa ƙarin ruwan farko ita ce: an auna bitamin D da kalsiyam, kuma me za mu yi cikin dare idan ya fara amai?