Ba kullum ne laifin fulogi ba

Direbobinmu da yawa da ke bin hanyoyin ƙauyukan Gadarif da Sinnar a Sudan da tsofaffin Land Cruiser masu amfani da fetur sun ɗauka cewa da zarar inji ya fara kakkarwa yana tsallake wuta, to fulogi ne ya mutu. Suna da hujja, domin fulogi yana lalacewa, kuma sauya shi ba wuya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zubar da fulogi shida masu lafiya, ciwon kuma yana nan.

Silinda tana buƙatar abu uku kafin ta ƙona mai: tartsatsin wuta, haɗin mai da iska daidai gwargwado, da matsi mai ƙarfi. Wayar fulogi da zafi ya busar, ko murfin distiributa (na'urar da ke raba wuta ga kowane fulogi) da ya tsage ƙura ta shiga, ko kafireto da datti ya toshe, ko bawul da ya ƙone, duk alamarsu kusan ɗaya ce.

Misali, a injin Land Cruiser samfurin 3F mai silinda shida, bakanike yakan bar injin yana aiki a tsaye, ya riƙa zare wayoyin fulogin ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu. Wayar da aka zare amma sautin injin bai sauya ba, silindarta ce ba ta aiki. Sai a musanya fuloginta da na makwabciyarta. Idan matsalar ta bi fulogin, shi ne mai laifi, idan kuwa ta tsaya a wurinta, sai a duba wayar, sannan a auna matsin silindar.