Tsohuwar da ta ƙera jirgi, da kakata da ba ta bar ko hoto ba

Asabar ɗin da ta wuce maƙwabciyata a nan Ypsilanti, jihar Michigan ta Amurka, ta gayyace ni taron tunawa da kakarta, wadda ta rasu tana da shekara ɗari da ɗoriya. Na je ne don sauke haƙƙin maƙwabtaka, na dawo zuciyata a cunkushe.

A wani ɗaki na gefen coci aka taru. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogon tebur, an jera kayanta: katin shaidar aiki mai hotonta tana budurwa, ɗankwalin da take ɗaure gashi kada inji ya fizge shi, da akwatin ƙarfen da take zuba abincin rana, duk ya lotsa. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga masana'antar Willow Run, wadda kamfanin Ford ya gina don ƙera jirgin yaƙi samfurin B-24. Aikinta buga ƙusoshi a fiffike, tana harbawa ta waje, wata matar na tokare da ƙarfe ta ciki. Jirage sama da 8,600 suka fito daga wurin, har ta kai a 1944 kusan kowace awa ana gama guda. Jikoki suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarinta, har da yadda ƙarar wurin ta kashe mata kunnen hagu.

Ba na cikin masu cewa komai na Bature ya fi. A gidan kula da tsofaffi matar nan ta ƙare rayuwarta, kuma cikin awa biyu kowa ya watse daga taron. Amma wallahi sun fi mu riƙe tarihin matansu, nesa ba kusa ba.

Yaƙin nan ai ta ƙofarmu ya bi. Jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi, a ƙasar Ghana ta yanzu, ta Kano da Maiduguri suke ratsawa zuwa Masar. An kwashi maza zuwa ƙasar Bama (Burma), wasu an tura su haƙar kuza a Jos. Gyaɗar da Ingila ta matsa lamba a noma mata, su waye suka ɓare ta? Irin su kakata ne. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta raini 'ya'ya bakwai. Ranar da ta rasu, abin da kowa ke maimaitawa shi ne mace ce mai haƙuri, Allah ya ji ƙanta. Amin, amma shi ke nan?

Ko wannan ma a waya na ji, ina nan, ban samu jana'iza ba, ban samu sadakar uku ba.

Daren nan na kira gida. Na ce, "Umma, don Allah turmin Iya yana nan?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yana bayan ɗaki, ya tsage. Sai yanzu ka tuna da shi?" Na ce kada a bari kowa ya faskara shi, ina tafe da babbar salla in Allah ya yarda.